RUMBU MA KAYAN TARIHI NE

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Kumbotso)

  



Da kwamitin shirya wannan taro ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan kayan tarihi, na san abin da akasarin jama'a za su zo da niyyar ji shi ne labarin ganuwa da ƙofofinta, da Dutsen Dala, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Waɗannan kuwa suna da masu magana a kansu, malamai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba. Saboda haka sai na zaɓi wani abu da ba shi da mai magana a kansa, alhali da yawa daga cikinmu da abin da ke cikinsa aka yi mana kuɗin makaranta. Wannan abu shi ne rumbu, da 'yar'uwarsa rufewa, da tsohon siton azara na gidan gandu. Ina hango 'yan ajinmu can baya suna murmushi, suna cewa dama tun muna makaranta wannan bai san komai ba sai zancen gabza. To, na ji, amma a ba ni aron kunne na ɗan lokaci.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

A ƙasar Ingila, dab da babban filin jirgin saman Landan, akwai wani ƙauye da ake kira Harmondsworth. A nan akwai wani makeken ɗakin ajiyar hatsi na katako wanda aka gina wajajen shekarar 1426, yana nan tsaye har yanzu. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta saye shi, ta gyara rufinsa, mutane suna zuwa kallo. Ba sarki ne ya kwana a ciki ba, ba kuma a yi wani yaƙi a ƙofarsa ba. Hatsi kawai aka riƙa zubawa a ciki. A Amurka ma haka abin yake, tsofaffin ɗakunan gona na katako waɗanda baƙin da suka zo daga Turai suka gina, da yawa an shigar da su rajistar wuraren tarihi. A ƙasar Sifen kuwa, tun shekarar 1973 aka yi doka ta kare rumbunan manoma na yankunan Galisiya da Asturiyas waɗanda suka kai shekara 100, rumbuna ne da ake ɗorawa a kan ginshiƙan dutse don gudun ɓera da danshi, kamar dai yadda mu ma muke yi.

Kada wani ya ce ai wannan sha'anin Turawa ne. A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Dogon da ke Bandiyagara a Mali ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1989, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton wurin ya san rumbunan laka ne suka fi komai ɗaukar ido. A Nijeriya, wuri na farko da ya shiga wannan jeri shi ne Sukur ta Jihar Adamawa, a 1999, kuma cikin abubuwan da ake nuna wa baƙo a can akwai rumbunansu da masussukansu.

To, me ya sa mu a ƙasar Kano ba mu da irin waɗancan ɗakunan katako na Turawa manoma? Dalili shi ne, ko da yake Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba su zauna sun kafa gonaki ba kamar yadda suka yi a Kenya da Zimbabuwe. Dokar ƙasa ta 1910 ta toshe wa baƙo hanyar mallakar gona a Arewa yadda ya ga dama, don haka noma ya ci gaba da zama a hannun talaka. Abin da zamaninsu ya bar mana shi ne layin dogo da ya iso Kano a 1911, da sito-sito na kamfanoni, da gidan ruwa na Challawa a nan Panshekara wanda aka yi wajajen 1930 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da irin su Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Ke nan idan ana neman ginin gona na wancan zamani, da ma na zamanin da ya gabace shi, ba za a same shi a wani wuri ba sai a tsakar gidajen kakanninmu.

YADDA AKE GINA SHI

Ƙannenmu ɗalibai, da yawanku kun san kalmar rumbu ne a wajen kwamfuta, inda ake cewa rumbun ajiyar bayanai. Bari in ɗan kwatanta muku ainihin mai sunan.

Da farko ana jera manyan duwatsu a ƙasa, a ɗora itatuwa masu ƙarfi a kansu, irin su ƙirya wadda gara ba ta cika damunta ba. A kan wannan shimfiɗa ake tayar da gini. Idan na kara ne ko na zana, sai a kewaye a ɗaure. Idan kuwa rufewa ce, sai a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan magini ya riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, yau ya ɗora ya bari ya sha iska, gobe ya ƙara. Cikinta ya buɗe kamar tulu, bakinta ya tsuke a sama. Ba ta da ƙofa a ƙasa. Ta sama ake shiga da tsani, sannan a kifa mata jinka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da dalili. Ɗagawar da aka yi daga ƙasa tana hana danshi da gara, kaji kuma su samu inuwa a ƙarƙashi suna tsince ƙwari. Kaurin ƙasa yana hana zafin rana dafa hatsi. Rashin ƙofa yana wahalar da ɓera, yana kuma wahalar da ɓarawo, domin ba a ɗage jinka a ɓoye. Daga nan ne ma Bahaushe ya samo maganar da muke yi kullum, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gero da dawa a zangarniyarsu ake zuba su, dami-dami, sai ranar bukata a fitar a sussuka. Manomi ya san hatsin da ke zangarniya ya fi daɗewa bai lalace ba. Malamanmu na addini da ke zaune a nan za su tuna mana cewa wannan ita ce shawarar da Annabi Yusufu (A.S.) ya bai wa mutanen Masar lokacin da aka hango shekarun fari. Wake kuwa, da yake ƙwari sun fi sonsa, akan cuɗa shi da toka ko yashi, a liƙe bakin da ƙasa. Buhun nan mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, wanda ya yaɗu a ƙasarmu, hikimarsa ita ce hana ƙwaro iska har ya mutu. Tsohuwar da ke liƙe bakin tulun wakenta da taɓo abin da take nufi ke nan, ko da ba ta shiga aji ba.

A manyan gidaje kuma akwai sito, wato soro ne na tubali mai rufin azara. Azara ita ce katakonmu. Daga giginya ake faskara ta, kuma tana iya shekaru aru-aru gara ba ta ci ta ba. Da yake ba ta jure nauyi idan faɗin ɗaki ya yi yawa, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara a kan azara har a rufe ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Irin wannan fasaha ce Babban Gwani ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A saman rufi akan shafa laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga marina, a bango kuma a shafa makuba ta ɓawon ɗorawa. Ku lura da wannan: garin Kura da ya yi suna a rini, wanda rawaninsa ɗan Kura yake kaiwa har ƙasar Buzaye, sharar marinarsa ita ce sumuntin maginansa. Wato sana'a tana ciyar da sana'a, ba abin da ake zubarwa.

ABIN DA RUMBU YAKE FAƊA

Idan mutum ya shiga tsohon gidan gandu ya ƙirga rumbuna, ya karanta tsarin gidan ke nan. Babban rumbu na gandu ne, maigida kaɗai ke da ikon buɗe shi, kuma galibi ba a taɓa shi sai damina ta faɗi, lokacin da kowa zai duƙa aiki a gonar gandu, ga shi abinci ya yi tsada a kasuwa. Ƙananan na gefe na 'ya'ya ne da ƙanne, abin da suka samu a gayaunarsu. Mata ma suna da nasu, inda suke tara abin da suka samu. Can ƙurya kuma, a gidan da Allah Ya hore wa, akwai rumbun tsimi, wanda ake barin sa shekara ta zagayo, wani lokaci har biyu ko uku, ba a buɗe ba sai wuya ta kai wuya. Ranar da aka ga maigida ya sa tsani a rumbun tsimi, ko yaro ya san gari ba lafiya.

A bakin rumbu ake fitar da zakka kafin a zuba, dami ɗaya cikin goma. Daga cikinsa ake ɗibar na malami, da na maƙwabcin da bai samu damina ba, da gudummawar biki da suna, da irin da za a shuka baɗi. Mutuncin magidanci a ƙauye a nan yake. Idan za a ba da 'ya aure, akan aika a gano ko gidan da za ta shiga suna ci daga rumbu ne ko daga awo.

Wata Baturiya masaniya mai suna Polly Hill ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin Ɗorayi tana ƙauye a ƙasar Kumbotso, ta yi bincike a kan zaman manoma, ta fitar da littafi a 1977. Ta tarar da manyan gidaje waɗanda mutanen cikinsu suka haura 100. Yau duk wanda ya je Ɗorayi ya san birni ya haɗiye ta. Abin da ya rage na wancan zama shi ne abin da baƙuwa ta rubuta da Turanci. Mu da abin yake namu ba mu ajiye ko rumbu ɗaya ba da za mu nuna wa yaro mu ce ga abin da take nufi.

Kakanninmu ba don ado suka yi ta wannan tanadi ba, sun sha wuya ne. A 1912 ciniki ya buɗe wa gyaɗa saboda zuwan jirgin ƙasa, manoma da yawa suka rage gonar hatsi suka ƙara ta gyaɗa. Sai damina ta 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe dubban mutane a 1914. Bayanta an yi 'Yar Buhu a 1927, an yi 'Yar Gusau a farkon shekarun 1940. Iyayenmu malamai da ke nan sun ga farin 1973 da idonsu, sun kuma ga na 1984. A kowace ɗaya daga cikin waɗannan, gidan da ke da tsohon hatsi shi ne ya tsira da dabbobinsa da gonarsa, wanda ba shi da shi kuwa ya sayar ko ya jinginar. Don haka tsohuwar rufewa shaida ce ta yadda mutanenmu suka yi dabarar rayuwa a ƙasar da ruwanta na wata huɗu ne zuwa biyar.

ZUWAN RUWAN TIGA

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma Gwamna Audu Baƙo, Allah Ya jiƙansa, ya sa gina madatsun ruwa a gaba. An kammala madatsar Tiga a 1974. Daga can ruwa yake biyo babbar hanyarsa ta Ruwan Kanya ya sauko Kadawa, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashi na farko na aikin ya ɗauki kimanin kadada 22,000, daga baya kuma aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Babu mai musun alherin wannan aiki. Mutumin da a da yake ɗaure tabarmarsa ya tafi cin rani, yanzu rani shi ne lokacin samunsa. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, ba a rasa kore a ƙasar Kura. Da yawa daga cikinmu da kuɗin tumatir aka saya mana akwatin makaranta.

Sai dai kowane samu da irin rashin da yake tafe da shi. Tumatir ba ya shiga rumbu. Ranar da ya nuna, ranar zai bar gona, ko da kasuwa ko babu. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya ga yadda kwando yake zama abin tausayi, har manomi ya gwammace ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Shinkafa kuma tun a gona ake aune ta a buhu, mai bashin taki yana tsaye, mai injin casa yana tsaye, ɗan kasuwa yana tsaye da mota. Sannu a hankali ajiyar gida ta koma kuɗi a aljihu, kuɗi kuwa ba su da jinka, kowa yana iya sa hannu. Gandu ya watse, kowane ɗa ya kama gabansa. Rufewar da ba a zuba mata komai ba, ba mai yi mata yaɓe, damina biyu ko uku sai ta zube.

Mun ga sakamakon wannan a tsadar abinci ta 2023 da 2024, lokacin da manomin da ya sayar da hatsinsa da kaka ya dawo yana awonsa da ninkin kuɗi kafin damina ta tsaya. A nan ɓangaren Kumbotso kuwa, abin da ya ci rumbu shi ne gari. Daga Na'ibawa zuwa Mariri, daga Sheka zuwa Ɗanbare da Panshekara, gonakin da muka sani muna yara sun zama awon igiya. Inda masussuka take jiya, yau shago ne.

Ku tuna da dalar gyaɗa. Babu abin da duniya ta san Kano da shi a ƙarnin da ya wuce kamar ita, tun zamanin Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Ta ɓace a shekarun 1970, yau sai dai a hoto. Ku tuna da Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina sabuwa. Idan abin da ke da suna haka ya tafi, ina ga rufewar talaka da ba ta cikin littafin kowa?

WANI GIDA A ƘASAR BUNKURE

A kwanakin baya aiki ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Bunkure, aka saukar da mu a wani tsohon gidan gandu. A bayan turakar marigayi maigidan akwai sito na tubali, rufinsa ɗaurin guga, azarorin sun yi baƙi sun yi sheƙi saboda daɗewa, amma ko ɗaya ba ta lanƙwasa ba. Da azahar muka shiga, waje ana zafi kamar a gasa gurasa, ciki kuwa sai ka ce an yayyafa ruwa. A gefensa akwai rufewa uku, biyu sun tsage, ɗaya tana nan garau har da hatsi a ciki. Dattijon da ya zagaya da mu ya ce kakansa ne ya sa aka gina siton, kuma shi da kansa yana yaro ya ga an buɗe babbar rufewar a shekarar fari an auna wa mutanen unguwa. Ya nuna mini wasu zane-zane a jikin bango daga ciki, layi-layi, ya ce lissafin damin da aka ranta wa mutane ne, wanda ya biya sai a goge nasa. Akwai layukan da ba a goge ba har yau. Ya ce waɗannan marigayin ya yafe.

Maganar da ta sa na kawo muku wannan labari ita ce, magada sun yi shawarar raba gidan, kuma wurin da siton yake ya faɗo a rabon wani matashi mai iyali, wanda yake so ya rushe ya yi ɗaki biyu na bulo. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Haƙƙinsa ne da shari'a ta ba shi, kuma yana bukatar wurin kwana. Mu da muke kwana a ƙarƙashin kwano da fanka ba mu da bakin da za mu ce wa talaka ya zauna da tsohon gini don mu riƙa zuwa kallo ranar hutu. Idan har al'umma tana ganin abin yana da daraja, to al'umma ce za ta ɗauki nauyinsa, kada a bar wa mutum ɗaya. Nan ne ƙungiya irin tamu take da abin yi.

Wani zai ce, to, so kake mu koma zamanin da? A'a. Buhu mai riɓi uku da siton zamani da injin casa duk muna so, Allah Ya ƙaro. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Injiniyan da zai zana wa manomin Kura wurin ajiyar albasa, idan ya taɓa shiga irin wancan sito ya ji sanyinsa, ba zai kawo masa akwatin kwano ya dasa a rana ba. Wani kuma zai ce ajiye hatsi ai ɓoye abinci ne. Malamai sun bambance mana tsakanin mai tanadin abin da iyalinsa za su ci, da mai saye ya tare don ya ƙuntata wa jama'a. Rumbun gandu na farkon ne, kuma zanen da ke jikin bangon can ya isa shaida.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ina da shawarwari guda biyar, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, mu yi ƙidaya. Kowannenmu yana da ƙauye, kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto. Idan an je gida da salla, a nemi izinin masu gida a ɗauki hoton duk wata tsohuwar rufewa ko siton azara, a rubuta sunan gari da abin da masu shi suka sani na shekarunsa, a miƙa wa sakatare. Mu fara da Kumbotso da Kura da Bunkure da Garun Malam.

Na biyu, mu naɗi muryar dattawa, maza da mata, musamman tsofaffin magina. A tambaye su irin ƙasar da ake zaɓa, da irin ciyawar, da kwana nawa ake bari kafin a ƙara ɗori, da sunan kowane sashe. Wannan ilmi a ka yake, kuma masu shi kullum raguwa suke yi.

Na uku, ina roƙon shugaban makaranta ya ba mu ɗan wuri a gonar makaranta, mu ɗauko magini daga ƙauye ya gina rufewa ɗaya da rumbun zana ɗaya, ɗalibai su yi kwaɓa da miƙo da hannunsu. Malamin aikin gona da na tarihi da na kimiyya kowa zai samu darasi a jikinta. A riƙa zuba abin da gonar makaranta ta bayar, a riƙa yi mata yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Na huɗu, a naɗa mutum uku su je su gana da magadan gidan da na ambata, ta hannun dagacinsu. Idan za a iya sama wa matashin nan wani fili a madadin nasa, sai a mayar da siton wakafi a rubuce, da shaidu. Idan hakan ba ta yiwu ba, aƙalla a auna shi, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a kuma sayi azarorin kada su ƙare a murhu.

Na biyar, mu rubuta wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, wadda kuma Gidan Makama yake ƙarƙashinta, mu kai musu abin da muka tattara. Mu ma'aikata mun san takardar da ba ta da mai bin sawu barci take yi a fayil, don haka a sa wa wannan aiki mutum takamaimai, ya kawo rahoto a taro mai zuwa. Ni na ba da sunana a cikin masu zuwa Bunkure.

Daga ƙarshe, iyayenmu malamai, ku kuka koya mana cewa tarihi ba sunayen sarakuna da shekarun yaƙi kaɗai ba ne, har da yadda talaka ya ci ya sha ya rufa wa kansa asiri. Idan an ji wani abu mai amfani a wannan jawabi, tarbiyyarku ce. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, Ya cika rumbunanmu da halal, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.